Tafkin Windermere: Iyo, Tseren Jirage da Rigimar Tsaftar Ruwa

Windermere shi ne tafki mafi girma a Ingila cikin waɗanda ba mutum ne ya haƙa su ba. Yana arewa maso yammacin ƙasar, a gundumar Cumbria, cikin yankin tsaunuka da tafkuna da ake kira Lake District. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 18, amma faɗinsa bai wuce kilomita ɗaya da rabi ba ko a inda ya fi buɗewa, shi ya sa wanda ya tsaya a gaɓa ɗaya yake hango itatuwa da gidajen ɗaya gaɓar sarai. A zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin Turai, dubban shekaru da suka shige, wata makekiyar ƙanƙara ce ta gangaro daga tsaunuka sannu a hankali tana ƙwaƙule kwarin, da ta narke kuma ruwa ya cike gurbinta. Ramin da ta bari kashi biyu ne. Na arewa ya haura mita 60 a zurfi, har gindinsa ya yi ƙasa da bakin teku, na kudu kuwa ya ɗan wuce mita 40. A tsakaninsu akwai wuri marar zurfi mai tarin ƙananan tsibirai, daura da garin Bowness, kuma mafi girma a cikinsu shi ne Belle Isle.

Kogunan Brathay da Rothay ne ke kawo masa ruwa ta arewa, kusa da garin Ambleside, sannan kogin Leven ya kwashe ta kudu ya kai teku. Ruwan da ya shigo yakan yi watanni kafin ya fita. Wannan jinkiri yana da muhimmanci ga duk abin da ya shafi tafkin, domin abin da aka zuba masa, mai kyau ko marar kyau, ba ya wucewa nan da nan.

Kafin masu shaƙatawa su san da shi, Windermere hanya ce kuma wurin neman abinci. Da kwalekwale ake safarar gawayi da katako da duwatsun rufin gida a kansa, masunta kuma suna kama wani kifi mai jan ciki da ake kira char, wanda ya saura a tafkin tun zamanin ƙanƙara, ana dafa shi da man shanu da kayan yaji a aika wa masu hali a Landan. Har gobe akwai jirgin fito da ke ɗaukar motoci da mutane a tsakiyar tafkin, yana bin igiyoyin ƙarfe daga wannan gaɓa zuwa waccan. Saboda tsohuwar hanyar jirage ce, jama'a suna da haƙƙin bi ta kan ruwan. A Ingila wannan ba ƙaramin abu ba ne, don galibin kogunan ƙasar gaɓarsu da gindinsu mallakar wasu ne, kuma kaɗan ne daga cikinsu doka ta fayyace cewa kowa na iya shiga. A Scotland ne dokar 2003 ta buɗe wa jama'a ruwaye gaba ɗaya.

Zuwan jirgin ƙasa

A 1847 layin dogo ya iso wani ƙauye mai suna Birthwaite, kusa da tafkin. Aka raɗa wa tashar suna Windermere, ƙauyen ya bunƙasa ya zama gari, sunan tasha ya danne nasa. Mashahurin mawaƙin nan William Wordsworth, wanda ke zaune kusa da Ambleside, ya yi ta rubuce-rubuce a 1844 yana adawa da layin, yana ganin tururuwar baƙi za ta lalata natsuwar wurin. Bai yi nasara ba. Ma'aikatan masaƙun Lancashire suka riƙa zuwa yini guda su koma, attajiran Manchester da Liverpool kuma suka gina manyan gidaje a gaɓa, kowanne da rumfar ajiye jirgi. Jirgin tururi na farko mai ɗaukar fasinja, Lady of the Lake, ya fara aiki tun 1845, kuma wani da aka ƙera a 1891, mai suna Tern, yana ɗaukar masu yawon buɗe ido har yanzu.

Daga waɗannan attajirai wasannin ruwa suka samo tsari. A 1860 suka kafa ƙungiyar masu tuƙa jirage da iska, wadda daga baya ta samu lambar girmamawa daga gidan sarauta, a 1904 kuma ta fitar da samfurin jirgin tsere mai tsawon ƙafa 17 wanda har yau ake fafatawa da irinsa. Tuƙi da iska a Windermere yana da wuya, domin tsaunukan da ke kewaye suna karkatar da iskar, ta lafa a nan ta taso a can ba zato, matuƙi ya riƙa karanta fuskar ruwa yana neman inda ya yi duhu don ya san ta inda za ta ɓullo. Littafin yara na Arthur Ransome, Swallows and Amazons, wanda ya fito a 1930, daga wannan tafki da maƙwabcinsa Coniston ya ɗauko wurarensa, kuma ya cusa wa yaran Birtaniya da yawa sha'awar ƙaramin jirgi da kwana a tsibiri.

Zamanin gudu

Ruwa mai tsawo, miƙaƙƙe, wanda ba shi da igiyar teku, dole ya ja hankalin masu injina. Ranar 25 ga Nuwamba 1911 wani jirgin sama mai suna Waterbird ya tashi daga kan tafkin ya sake sauka a kansa, abin da ba a taɓa yi lafiya a Birtaniya ba kafin nan. Marubuciya Beatrix Potter, wadda ke da gona a yammacin tafkin, ta shiga gaba wajen ƙorafi kan ƙarar injin da haɗarinsa ga jirgin fito da dawakan da yake ɗauka. Ke nan gardama kan hayaniya a Windermere ta girmi kowane mai rai da ke yin ta a yau.

A 1925 aka kafa ƙungiyar tseren jirage masu inji. Shekara 5 bayan haka, ranar Juma'a 13 ga Yuni 1930, Sir Henry Segrave, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambun gudun mota a ƙasa, ya fito da jirginsa Miss England II don ya haɗa da kambun ruwa. A zagaye biyu na farko ya kai kusan kilomita 159 a awa, ya kafa sabon tarihi. A zagaye na uku jirgin ya kife yana tsananin gudu, ana kyautata zaton wani reshen itace ne da ke yawo a ruwa ya buga. Injiniyansa Victor Halliwell ya mutu nan take, Segrave kuma ya cika bayan 'yan sa'o'i, bayan an shaida masa ya karya tarihin. Irin wannan ajali ne ya sami Donald Campbell a tafkin Coniston ranar 4 ga Janairu 1967 cikin jirginsa Bluebird K7, wanda sai a 2001 aka ciro tarkacensa da gawar mai shi.

Waɗannan mutuwoyi ba su rage sha'awar gudu ba. Bayan yaƙin duniya na biyu, da jirage masu inji suka yi araha, Windermere ya zama babbar matattarar masu sulu a kan ruwa, wato wanda ke tsaye a kan siraran alluna yana riƙe da igiya jirgi na jan sa. Da aka taƙaita gudu a sauran manyan tafkunan yankin, sai duk masu wannan wasa suka taru a nan. A ranar hutu mai zafi, jiragen gudu da baburan ruwa da kwalekwalen haya da jiragen iska da manyan jiragen fasinja duk suna cakuɗe a siririn ruwa ɗaya, kuma wanda ya fi rauni shi ke kaucewa.

Hukumar da ke kula da gandun Lake District, wanda aka ayyana a 1951, ta nemi a sa iyaka ga gudu a duk faɗin tafkin. An yi zaman sauraron jama'a mai tsawo tsakanin 1994 da 1995. Masu otal da masu sayar da jirage da 'yan wasa suka ce za a kashe musu kasuwa kuma a raba matasa da wasan da suke so. Hukumar ta ce an kafa gandun ne don jin daɗi cikin natsuwa, kuma wasan mutum kaɗan yana hana kowa sakewa. Gwamnati ta ƙi amincewa da farko, aka yi ta kai ruwa rana, sai a 2000 ta sa hannu, tare da wa'adin shekara 5 don 'yan kasuwa su shirya. Daga ranar 29 ga Maris 2005 aka fara hukunta duk jirgi mai inji da ya wuce mil 10 na ruwa a awa, wato kusan kilomita 19, a wasu sassa masu cunkoso ma iyakar ta yi ƙasa da haka. Makon gwajin gudu da aka saba yi a nan duk shekara ya koma Coniston.

An yi asara, babu shakka. Wasu sana'o'i sun durƙushe, wasu iyalai da suka tashi da sulun ruwa sun daina zuwa, kuma har yau akwai masu jin haushin dokar. Amma hukuncin ya yi daidai. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa yana buƙatar fili mai yawa shi kaɗai, kuma matuƙinsa ba zai ga kan mutum a cikin ruwa ba sai ya zo gab da shi. Filin da jirgi ɗaya ke cinyewa ya ishi ɗaruruwan masu kayak da masu tuƙa allo a tsaye da masu iyo. Su ne suka cika tafkin a shekarun da suka biyo baya.

Masu iyo

Iyon dogon zango ya daɗe a Windermere. Tun da Kyaftin Matthew Webb ya ƙetare mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa a 1875, cikin awa 21 da minti 45, irin wannan bajinta ta shiga ran Turawan Ingila. A watan Satumba 1911 wani mutumin Oldham, Joseph Foster, ya ninƙaye tsawon tafkin gaba ɗaya cikin awa 11 da minti 29. Ƙungiyar masu iyon dogon zango ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1956, ta mayar da wannan tafiya gasar shekara-shekara, daga Fell Foot a kudu zuwa Waterhead a arewa, kimanin kilomita 17. Tsohuwar ƙa'idar wasan tana da tsauri: kamfai ko rigar iyo ta yadi, hula ɗaya, da tabarau. Kowane mai iyo yana da kwalekwalen rakiya, daga ciki ake miƙa masa abin sha mai ɗumi da ɗan abinci lokaci-lokaci, amma idan ya kama jikin kwalekwalen ya fita daga gasa. Akwai kuma zuwa da dawowa, kilomita 34, wanda ake kwana ana yi. Nisansa ya yi daidai da na mashigin Faransa, don haka masu niyyar ƙetare teku suke gwada kansu a nan. Wasu ma na ganin tafkin ya fi gajiyarwa ta wani fanni, domin ruwan daɗi ba ya ɗaga jiki kamar na gishiri.

Wannan duk harkar 'yan tsiraru ce masu taurin rai. Abin da ya jawo talakawan masu iyo daban ne. A 1999 Roger Deakin ya wallafa Waterlog, labarin yadda ya zaga Birtaniya yana iyo a koguna da tafkuna da gaɓar teku, littafin da ya tuna wa mutane cewa kakanninsu a nan suka koyi iyo kafin a gina musu wuraren wanka masu rufi. A 2006 Kate Rew ta kafa ƙungiyar masu iyo a fili. A 2008 aka shigar da iyon kilomita 10 cikin wasannin Olamfik a Beijing, 'yan Birtaniya uku, Keri-Anne Payne da Cassie Patten da David Davies, suka dawo da lambobi. A shekarar ce aka fara bikin Great North Swim a Windermere da mutum sama da 2,000, cikin 'yan shekaru kuma adadin ya kai wajen 10,000 a ƙarshen mako guda. Yanzu ana yin sa a Brockhole, cibiyar baƙi ta gandun, da zanguna daga mita 250 har zuwa kilomita 10. Ana sakin mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni da launin hularsa, masu kayak na gadi a gefe, kuma yawanci suna sanye da rigar roba mai manne jiki wadda ke riƙe ɗumi tana kuma taimaka wa mutum ya taso. Da annobar korona ta rufe wuraren wanka a 2020, wani sabon ayari ya sauko tafki, mata masu matsakaicin shekaru na da yawa a ciki, kuma da dama ba su koma ba bayan an buɗe.

Zama da jirage yana da ladubbansa. Ana so mai iyo ya sa hula mai haske, ya ɗaura wa ƙugunsa jakar iska mai launin lemo ko hoda wadda ke biye da shi a kan ruwa don matuƙa su gan shi, ya bi gefen gaɓa, ya nisanci tashoshin jirage da hanyar jirgin fito. Wanda zai ƙetare tsakiya ya samu jirgin rakiya mai ɗauke da tuta fara da shuɗi, alamar akwai mutum a ruwa. Ba kowane tafki a yankin ake shiga ba: an hana iyo a Thirlmere da Haweswater da Ennerdale. Akwai kuma roƙon da ake yi wa kowa, mai iyo da mai kwalekwale, ya duba kayansa ya wanke ya shanya kafin ya koma wani tafkin, domin ɗan guntun ciyawar ruwa ta ƙetare da ya maƙale a riga ya isa ya mamaye sabon wuri.

Sanyi

Babban haɗarin tafkin ba zurfinsa ba ne kai tsaye, sanyinsa ne. A tsakiyar bazara saman ruwan yakan kai digiri 18 zuwa 20 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya ɗan haura. Amma ɗumin a sama kawai yake. Rana tana dumama 'yan mitoci na farko, ruwa mai ɗumi ya fi sauƙin nauyi don haka yana zama a bisa, ƙasa da shi kuma akwai iyaka inda zafi ke faɗuwa farat ɗaya, daga nan zuwa gindi ruwan yana nan da sanyinsa na hunturu duk shekara. A hunturu saman ma yakan sauko wajen digiri 4 ko 5, kamar ruwan da ya kwana a firij. A 1895 da 1963 tafkin ya daskare har mutane suka yi tafiya a kansa. Watannin Mayu da Yuni sun fi yaudara, domin iska ta yi ɗumi, mutane sun tuɓe riguna, ruwa kuwa bai farfaɗo daga hunturu ba.

Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya shafe shekaru yana nazarin abin da ruwan sanyi ke yi wa jiki, kuma bincikensa ya gyara wata tsohuwar fahimta. A da ana zaton sanyi yana kashewa ne bayan ya ratsa jiki gaba ɗaya, abin da kan ɗauki rabin awa ko fiye ga babban mutum. Ashe da yawa ba sa kaiwa nan. Da zarar fata ta haɗu da ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 ba shiri, mutum yakan ja wani dogon numfashi ba da sonsa ba, sai haki ya biyo baya wanda ba ya iya tsayarwa, zuciya ta hau bugu, hawan jini ya tashi. Idan kansa na cikin ruwa a lokacin da ya ja numfashin nan, ruwa ya shaƙa. Idan yana da ciwon zuciya a ɓoye, nan take zai iya bayyana. Wannan firgita tana lafawa cikin minti ɗaya zuwa uku. Shi ya sa ƙungiyar ceto ta RNLI take koyar da cewa wanda ya faɗa ruwa ba zato kada ya fara kokawa da shi. Ya kwanta rigingine, ya jingina kai baya har kunnuwa su nutse, ya buɗe hannu da ƙafa, ya jira numfashi ya daidaita, sannan ya nemi taimako ko ya nufi gaɓa.

Mataki na biyu yana zuwa a hankali. Jiki yana janye jini daga hannu da ƙafa don ya kare ƙirji, jijiyoyi su yi sanyi, yatsu su ƙi haɗuwa, bugun hannu ya gajarce, ƙafafu su fara nitsewa. Gwanin da ke cinye kilomita a wurin wanka mai ɗumi yana iya kasa mita 100 a nan. Matashin da ya hango tsibiri ya ce ai kusa ne, wannan ne ke kama shi a tsakiya. Alƙaluman Birtaniya na shekarun nan suna nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke nutsewa bisa haɗari a ruwan cikin ƙasa suke mutuwa, ba a teku ba, kuma kusan takwas cikin goma maza ne.

Ko bayan fitowa ba a gama ba. Zafin cikin jiki yana ci gaba da sauka na ɗan lokaci, sai mutum ya kama karkarwa minti 10 ko 20 bayan ya taka ƙasa. Ƙwararru sukan fito tun suna jin daɗin ruwan, su cire jiƙaƙƙun kaya nan da nan, su rufe jiki da kai, su sha abu mai ɗumi, kuma ba sa tuƙa mota sai karkarwar ta wuce. Jiki yana sabawa: shiga na 'yan mintoci sau biyar ko shida yana rage firgitar farko da kusan rabi, kuma sabon yakan daɗe. Da haka ne wasu ke iyo duk hunturu ba rigar roba. Masu wannan ɗabi'a suna yawan cewa tana wanke musu damuwa, an kuma wallafa rahoton wata matashiya mai ciwon damuwa da ta samu sauƙi ta wannan hanya a mujallar likitoci ta BMJ Case Reports a 2018. Labarin mutum ɗaya ba hujja ba ce ta magani, kuma masu tallata ruwan sanyi sun fi masu bincike saurin yanke hukunci.

Abin da ke cikin ruwan

A 2010 aka soke Great North Swim gaba ɗaya saboda gansakuka mai launin shuɗi da kore ta rufe sassan tafkin, daga baya aka dawo da bikin watan Yuni daga Satumba. Wannan gansakuka a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ne da ke rayuwa da hasken rana, kuma wasu nau'o'insu suna fitar da guba mai kawo ƙaiƙayi da amai da gudawa ga mutum, tana kuma kashe karnukan da suka sha. A bazarar 2022 mai tsananin zafi ta sake bazuwa har ruwan ya koma kore. Ruwa ba ya tsami banza. Abincin wannan gansakuka sinadarin fosfaras ne, wanda ke fitowa daga bahaya da sabulun wanki da takin gona, ɗumin ruwa kuma yana ƙara mata ƙarfi.

An san wannan sosai domin Windermere na cikin tafkunan da aka fi nazari a duniya. Ƙungiyar masana halittun ruwan daɗi da aka kafa a 1929 ta fara aikinta ne a Wray Castle, a gaɓar yamma, kuma an shafe shekaru da dama ana auna zafi da sinadaran tafkin ba yankewa. Bayanan sun nuna fosfaras ya yi ta ƙaruwa bayan yaƙin duniya na biyu, ya ragu bayan an fara tace shi a matatun ruwan datti a 1992, sannan ruwan yana ƙara ɗumi. Kifin char, mai buƙatar ruwa mai sanyi da isasshiyar iska a can ƙasa, ya ragu ƙwarai, domin gansakukar da ta mutu tana nitsewa ta ruɓe ta cinye iskar da yake shaƙa.

Tushen matsalar yawan jama'a ne a kan bututun da aka shimfiɗa don ƙananan garuruwa. Miliyoyin baƙi ke zuwa yankin duk shekara, musamman tun da UNESCO ta sa Lake District cikin wuraren tarihi na duniya a 2017. Gidaje da masaukai da yawa na karkara ba su haɗe da babban bututu ba, sokawe suke amfani da shi, wani ya tsufa yana yoyo. A garuruwa kuwa bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da na bayan gida, idan aka yi ruwa mai yawa ya cika, sai a saki rarar kai tsaye cikin kogi ko tafki, kuma doka ta yarda da haka a lokacin ruwa mai ƙarfi kawai. Kamfanin United Utilities ne ke riƙe da wannan aiki a arewa maso yamma, a tsarin da ya biyo bayan sayar da hukumomin ruwa ga 'yan kasuwa a 1989. BBC ta ruwaito cewa a ƙarshen Fabrairu 2024 wata tashar famfo a Bowness ta samu matsala, ta yi kimanin awa 10 tana tura miliyoyin litoci na ɗanyen ruwan masai cikin tafkin. A Oktoba na shekarar ta sake ruwaito cewa lita sama da miliyan 140 aka zubar daga wannan tasha tsakanin 2021 da 2023 a lokutan da izini bai halatta ba.

Wani matashi ɗan yankin da ya karanci ilimin dabbobi, Matt Staniek, shi ya jagoranci fafutukar Save Windermere, yana zaman dirshan duk mako a ƙofar ofishin kamfanin, yana neman a daina zuba ruwan datti a tafkin kwata-kwata, tatacce da ɗanye. Masu iyo sun zama ginshiƙin wannan fafutuka, kuma dalilin a fili yake. Mai kallon tafki daga tagar otal ko daga benen jirgi ruwa mai sheƙi yake gani. Wanda ya sa fuskarsa a ciki shi ke lura da ranar da ya daina ganin hannunsa, shi ke kwanciya ciwon ciki washegari. Da yawansu sun shiga aikin sa kai na Big Windermere Survey, wanda aka fara a 2022 tare da Jami'ar Lancaster, inda ake ɗebo ruwa daga wurare da dama a rana ɗaya a kai ɗakin gwaji.

A hukumance akwai wurare huɗu da aka ware don wanka a tafkin: Fell Foot, Lakeside, Millerground da Rayrigg Meadow. Hukumar kula da muhalli tana ɗaukar samfuri a can daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, tana neman ƙwayoyin cuta iri biyu da ke nuna alamar bahaya, kuma a shekarun baya-bayan nan wuraren sun samu matsayi mafi kyau. Kamfanin yana kafa hujja da wannan. Sai dai gwajin ba ya shafar gansakuka ko fosfaras, ba a yin sa a hunturu lokacin da aka fi ruwan sama kuma ake ci gaba da iyo, kuma wurare huɗu ba su wakiltar gaɓar da ta kai tsawon kilomita da dama. Matsayin gaskiya ne a kan abin da ya auna, amma abin da ya auna kaɗan ne.

Masu fafutukar suna nuni da tafkin Annecy a Faransa, wanda ya gurɓace a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A 1957 garuruwan da ke kewaye da shi suka haɗa kai, suka shimfiɗa bututun da ya zagaye tafkin yana tattara ruwan datti yana kai shi matata a ƙasa da mafitar ruwan, yau kuma ana lissafa shi cikin tafkuna mafi tsafta a Turai. A Maris 2025 ministan muhalli na Birtaniya na lokacin, Steve Reed, ya ziyarci Windermere ya ce burin gwamnati shi ne ruwan sama kaɗai ya riƙa shiga tafkin, kamfanin kuma ya yi alkawarin kashe kimanin fam miliyan 200 wajen inganta matatunsa da rage ambaliyar bututu a yankin. Kawar da ruwan datti gaba ɗaya zai buƙaci dogon bututu da zai fitar da shi daga kwarin, da kuma haɗa gidajen da ke kan sokawe da shi, aikin shekaru masu yawa da kuɗin da ya zarce wannan alkawari. Kafin nan, shawarar da ake ba mai iyo a Windermere ita ce ya duba taswirar ambaliyar bututu da kamfanonin ruwa ke wallafawa a intanet, ya ƙaurace wa ruwan na kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan sama mai ƙarfi, ya rufe duk wani rauni a jikinsa, kuma kada ya shiga inda ya ga kore-kore na yawo a sama.